Ihu ba ya zaftaro dusar ƙanƙara

An daɗe ana yaɗa cewa idan mutum ya ƙwala ihu a kan tsaunin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, sai ta zaftaro ta binne shi. Finafinai ne suka fi raya wannan zance, kuma ba gaskiya ba ne. Masana a SLF, cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke Davos a Switzerland sun nuna cewa muryar ɗan Adam ba ta da ƙarfin yin hakan. Shi ya sa masu kula da wuraren wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, in suna so su zaftaro ta da gangan kafin jama'a su fito, nakiya suke tayarwa.

Matsalar tana can ƙarƙashi. Dusar takan taru hawa-hawa. Wani lokaci akan sami siririn hawa mai gari-gari kamar sukari, a kansa kuma falle mai kauri da iska ta daddanne. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya na ƙasan, tsaga ta ruga cikin daƙiƙu, fallen ya sulale gaba ɗaya. A kusan kashi 90 cikin 100 na haɗurran da ke cin rai, wanda abin ya rutsa da shi ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da ita.

Gangare mai digiri 30 zuwa 45 ya fi haɗari. A ma'aunin haɗarin zaftarowar dusar ƙanƙara mai mataki 5 da ake sanar wa jama'a kuwa, an fi mutuwa a mataki na 3, domin a nan ne mutane ke cewa ai da sauƙi, su fita.