'Yan ci-rani a Kaduna: haƙƙinsu da halin zamansu

Cin rani daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa, inda manomi kan bar ƙauyensu bayan an gama shigar da amfanin gona, ya nufi birni neman abin rufin asiri, sannan ya koma gida idan damina ta ƙarato. Wanda ya yi wannan tafiya shi ake kira ɗan ci-rani. A yau ma'anar kalmar ta faɗaɗa, har ta haɗa da duk ɗan ƙasa da ya baro garinsu ya zo wani gari yin aikin ƙarfi ko ƙaramar sana'a, ko da zamansa ya zarce rani guda.

Kaduna gari ne da baƙi suka gina. Tun da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, aikin jirgin ƙasa da na gwamnati ya riƙa janyo leburori daga ko'ina. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun irin su Arewa da UNTL suka biyo bayanta, sai kamfanin haɗa motoci na Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980. Baƙon da ya samu shiga waɗannan wurare yana da albashi na wata-wata, yana kuma da ƙungiyar da za ta tsaya masa. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa a Kaduna hedikwatarta take, kuma daga cikinta ne Adams Oshiomhole ya fito har ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta Nijeriya a 1999. Da masaƙun suka durƙushe, aka rufe KTL a 2002, sai wannan inuwa ta gushe, masu zuwa kuwa ba su daina zuwa ba.

Ɗan ci-rani na yanzu galibi a titi yake neman abincinsa: ga-ruwa, dako a Kasuwar Barci da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, yankan farce, gyaran takalma, gadi, jari-bola, acaɓa, ko leburanci a wuraren gini. Da yawansu a shago ko kangon gini suke kwana, wasu kuma su haɗa kuɗi su kama ɗaki guda a Rigasa, Tudun Wada ko Kawo. Matsalar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da yankin Birnin Gwari ta sauya yanayin tafiyar, domin mutumin da ba ya iya shiga gonarsa ba shi da daminar da zai koma wa, sai ci-rani ya zame masa zama.

Ta fuskar doka, haƙƙinsu a bayyane yake. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan Nijeriya damar zirga-zirga da zama a duk inda ya so cikin ƙasar, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda asalinsa ko ƙabilarsa ko addininsa, sashe na 40 kuma ya halasta masa shiga ƙungiya. Dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ba da aiki ya bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, dokar biyan diyya ta 2010 kuwa ta tanadi kulawa ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Sai dai an ɗinka waɗannan dokoki ne daidai jikin ma'aikacin ofis da na masana'anta. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya kai naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ta cire masu aikin jinga da masu aikin da ke bin yanayin shekara, irin na gona. Wato kusan duk inda ɗan ci-rani ke tsayawa, a wajen katangar dokar yake. Idan ɗan kwangila ya danne wa lebura kuɗin yininsa, akwai kotun ma'aikata a Kaduna, amma mutumin da yarjejeniyarsa ta baka ce, ba shi da takarda, ba shi da kuɗin lauya, da wuya ya taka ƙofarta. Wannan giɓi ne babba, kuma bai kamata a ci gaba da kallonsa a matsayin abin da aka saba da shi ba.

Abin da ke riƙe da su a zahiri shi ne zumuncin 'yan gari ɗaya. Wanda ya riga zuwa shi ke karɓar sabon zuwa, ya ba shi wurin shimfiɗa, ya tsaya masa a wurin mai kurar ruwa ko mai babur. Suna yin adashi, suna ajiya a hannun mai shagon da suka amince da shi, idan ɗayansu ya kwanta ciwo ko ya rasu su yi karo-karo.

Akwai kuma tsare-tsaren hukuma da ƙofarsu ke buɗe ga masu sana'ar hannu, kamar ƙaramin fansho da aka ƙaddamar a 2019, da inshorar lafiya ta hukumar jihar mai suna KADCHMA, da katin mazauna jihar wanda ake bayarwa bisa zama, ba bisa asali ba. Cikas ɗin shi ne rajista tana neman lambar shaidar ɗan ƙasa da adireshi tsayayye, sannan tana cin yini guda, yinin da mai turin kura bai samu ya tura ba kuwa babu abin sawa a baka. Shi ya sa hanya mafi dacewa ita ce a bi ta hannun shugabannin 'yan dako da na 'yan acaɓa da masu unguwanni, a kai teburin rajistar tasha da bakin kasuwa, a kuma yi bayanin da Hausa.