Gonar gado a idon Dokar Amfani da Ƙasa

A ƙauyukan Daura da Katsina, in ka tambayi manomi wa ke da gonar nan, zai ce tasa ce, ya gada daga mahaifinsa, mai unguwa da dagaci shaida ne. Gaskiya ya faɗa, amma doka tana da nata bayanin.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da cin moriya. Filayen da aka ayyana na birni gwamna ke ba da su. Na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙin riƙo na gargajiya, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya haura sai da yardar gwamna. Wanda dokar ta tarar yana noma gonarsa, sashe na 36 ya bar masa ita, yana kuma iya kai ta ƙaramar hukuma a yi mata rajista.

Sayarwa da jingina ma sai da amincewar ƙaramar hukuma. Takardar ciniki mai sa hannun shaidu tana da amfani, amma ba ta maye gurbin wannan amincewa.

Inda manoma suka fi shan wahala shi ne diyya. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kamar hanya, asibiti ko dam, bayan an ba da sanarwa a rubuce. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da aka raya a kan filin ce: shuka, itatuwa, rijiya, gini. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. A ganina nan dokar ta gaza, domin mutumin da ya shekara talatin yana kai takin gargajiya gona da jaki, ba a rijiya kaɗai wahalarsa ta tsaya ba.

Saboda haka ranar da masu ƙiyasi suka zo, ka tsaya a gonar da kanka. A ƙirga kowane mangwaro da ɗorawa da kuka a gabanka, a rubuta girman inda ka shuka gero ko wake, ka ɗauki hoto da waya, kada kuma ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba.