Magungunan ciwo da lafiyar hanta ga masu amosanin gaɓɓai

Amosanin gaɓɓai na rumatoyid cuta ce da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya, ta far wa tantanin da ke cikin gaɓɓai. Takan soma da yatsun hannu da na ƙafa da wuyan hannu, dama da hagu a tare. Mai ita kan wayi gari da yatsu a sandare, ya ɗauki awa guda ko fiye kafin ya iya dunƙule hannu ko ya ɓalle maɓallin riga. Likitan Ingila Alfred Garrod ne ya raɗa mata suna a 1859, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ne ke fama da ita a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Da yake cuta ce mai zama da mutum, shan maganinta ma na shekaru ne, kuma galibin abin da aka haɗiya sai ya bi ta hanta kafin ya bar jiki. Hanta kuwa tana da haƙuri fiye da kima: takan daɗe tana ɓaci ba tare da ta yi ciwo ba.

Magungunan iri biyu ne: masu kwantar da zogi kawai, da masu daƙile cutar kada ta laƙwame gaɓɓai. Yawancin marasa lafiya na shan duka biyun a lokaci guda.

Farasitamol

Shi ne wanda aka fi sani da sunan Panadol, kuma shi aka fi rainawa. Hanta na sarrafa yawancinsa ya fita ta fitsari lafiya lau, amma wani ɗan kaso yakan rikiɗa ya zama guba mai suna NAPQI. Akwai sinadarin glutatiyon a hanta da ke kama gubar nan ya kashe kaifinta. Idan aka yi wa hanta lodin da ya fi ƙarfinta, sinadarin sai ya ƙare, gubar ta shiga cin ƙwayoyin hantar. A Amurka da Birtaniya farasitamol ne kan gaba wajen haddasa gazawar hanta farat ɗaya, shi ya sa Birtaniya ta taƙaita yawan ƙwayoyin da ke cikin kwali tun 1998: 16 a kantuna, 32 a shagunan magani.

Iyakar baligi mai lafiya ita ce giram 4 cikin awa 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, a rarrabe, ba a sha fiye da biyu a zama ɗaya ba. Ga wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko mai shan giya, ko wanda rashin cin abinci ya ramar, ko mai ciwon hanta, likitoci kan sauko da iyakar zuwa giram 2 ko 3. Ba kasafai mai amosani ke wuce iyaka da gangan ba. Abin da ke faruwa shi ne ya sha biyu da asuba don yatsu su saki, da hantsi ya ƙara maganin mura, da yamma yaro ya sayo masa “haɗi” daga kemis, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle cikin leda ba suna ba takarda, alhali duka ukun na iya ƙunsar farasitamol. Wanda ya zarce ƙima yakan ji tashin zuciya kawai a ranar farko, ɓarnar ba ta bayyana sai bayan kwana biyu ko uku. Makarin gubar farasitamol, N-asetilsistin, ya fi aiki idan aka ba da shi cikin awa takwas na farko, don haka ba a zaman jiran alama.

Duk da haka, ga mai raunin hanta, farasitamol a ƙaramar ƙima ya fi magungunan kumburi aminci, abin da mutane da dama ke ɗauka a baibai.

Magungunan kumburi

Ibuprofen da naproksen da piroksikam da diklofenak sun fi farasitamol tasiri a kan kumburin gaɓa. Babbar illarsu tana kan ciki da ƙoda da zuciya; taɓa hanta ba safai ba ne, sai dai diklofenak ya fi 'yan uwansa yin hakan. An taɓa janye wani ɗan gidan, benoksaprofen, daga kasuwa a 1982 bayan mutuwar tsofaffi a Birtaniya sakamakon lalacewar hanta. Wanda hantarsa ta riga ta ƙanƙance ba a ba shi magungunan kumburi sam, domin suna iya jawo aman jini da tsayawar ƙoda. Na shafawa kaɗan ne ke shiga jini.

Metotrekset

Wannan ne ginshiƙin maganin cutar, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 1988. Ba maganin zogi ba ne, sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa. Sau ɗaya ake shan sa a mako, yawanci miligiram 7.5 zuwa 25, a rana guda tsayayyiya. An yi asarar rayuka saboda wasu sun ɗauka na kullum ne, shi ya sa ake so a rubuta ranar ƙarara a jikin kwalin. Ana haɗa shi da sinadarin folik asid, wanda ke rage gyambon baki da tashin zuciya da kuma taɓa hanta.

Kafin a fara ana ɗibar jini a auna ALT da AST, sinadaran da ke zubowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun ji rauni, tare da albumin (furotin da hanta ke samarwa) da ƙidayar ƙwayoyin jini da aikin ƙoda. Ana maimaitawa duk mako biyu zuwa huɗu a watanni ukun farko, sannan a riƙa tsawaita tazarar har ta kai wata uku. Ɗan hawa kaɗan yakan sauka idan aka rage ƙima; idan ya haura ninki uku na iyakar da aka saba, akan dakatar da maganin. A da an fi ɗora wa metotrekset laifin tabon hanta, amma bincike na baya-bayan nan ya nuna giya da ƙiba da ciwon suga da kitsen hanta na da babban hannu a ciki. Wanda ya yar da shi don tsoron hanta ya koma kan diklofenak da ƙwayoyin kemis ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago: gaɓɓai na ci gaba da karkacewa, hantar ma ba ta huta ba. Ba a haɗa metotrekset da Septrin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, don haɗin na iya durƙusar da ɓargo, kuma mai ciki ba ta shan sa.

Leflunomaid, wani maganin daƙile cutar, ya fi buƙatar sa ido. A 2010 hukumar ta Amurka ta saka masa gargaɗi mafi tsanani game da hanta, kuma yakan daɗe a jiki bayan an daina, sai an wanke shi da wani magani mai suna kolestiramin. Haidroksiklorokwin, wanda shi ma na daƙile cutar ne, da wuya ya taɓa hanta, ido ake duba wa mai shan sa.

Ciwon hanta nau'in B

A nan maganar ta fi shafar Afirka ta Yamma. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu ƙwayar cutar a kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64, kuma akasarin masu ɗauke da ita ba su sani ba. Magungunan da ke danne garkuwar jiki, irin su prednisolon mai yawa da allurar rituksimab, suna iya tayar da ƙwayar da ke kwance. Saboda haka ake gwada nau'in B da C kafin a fara, wanda aka samu da B kuma a ɗora shi kan maganin danne ƙwayar, tenofobir ko entekabir. Haka nan isoniazid, da ake bai wa wasu don rigakafin tarin fuka kafin a fara musu alluran zamani masu danne garkuwar jiki, shi ma yana da nauyi a kan hanta. Jiƙo da tsimi da garin magani na kasuwa su ma ta hanta suke bi, ga shi ba a san ƙimarsu ba, kuma marasa lafiya kan ɓoye wa likita su don kunya.

Alamomin da ke sa a tsayar da magani a garzaya asibiti su ne shawara, wato ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ƙaiƙayin jiki ba ƙurji, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, zubar jini daga dasashi, ko ruɗewa da yawan barci. Ana tafiya da dukkan kwalaye da ledoji da kwalaben abin da ake sha, har da na gargajiya.