Kafin ka murɗa rediyo da safe, ka sha maganinka

Akwai abin da mu ma'aikatan lafiya muke ta gani a wajen aiki har ya kai mu maƙura. Mai hawan jini da aka yi wata da watanni ana lallaɓa awonsa har ya sauko ya zauna daidai, sai ya ɗauke ƙafa. Ranar da aka rubuta masa a kati ta zo ta wuce, shiru. Bayan wata biyu ko uku sai ga shi an ɗauko shi ranga-ranga, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, harshe ya yi nauyi. A tambayi 'yan rakiya ina maganinsa, sai su yi ta kallon juna. Can wani ya zaro gora daga cikin leda, ba a rubuta abin da ke ciki ba, ba ranar da aka haɗa ba ranar lalacewa, lambar waya kawai aka manna a jiki. Amsar kullum guda ce: "A rediyo ya ji." Haka mai ciwon suga, haka mai farfaɗiya, haka mai tarin fuka da ya rage masa wata biyu ya kammala magani.

Rediyo ba abokin gabanmu ba ne. Ta nan ake sanar da rigakafi, ta nan ake gargaɗi idan annoba ta ɓulla, kuma yana kai magana inda ƙafar ma'aikacin lafiya ba ta kaiwa. Rigimarmu da ɗabi'a ɗaya ce tak: mutum ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai saboda wani mai talla ya ce da safe yana da wanda ya fi shi. Don Allah jama'a, a daina wannan.

Ku lura da lokacin da abin yake faruwa. Yawancin magungunan hawan jini da na suga da safe ake shan su. A daidai wannan lokacin ne kuma rediyo yake kunne, hannu yana aiki, ana shirya yara, kunne yana ɗauka ba tare da an zauna an auna maganar ba. Murya ɗaya, waƙar talla ɗaya, alkawari ɗaya, yau da gobe da jibi. Maganar da kunne ya saba da ita takan zauna a zuciya kamar gaskiya, ko da ba a taɓa kawo hujjarta ba, kuma wannan bai bar mai ilimi ba bai bar marar ilimi ba. Ƙwayar tana tafin hannunka, ruwa yana kofi, muryar tana ce maka wannan ƙwayar ita ce take cinye maka ƙoda. Ranar farko za ka sha. Ranar ashirin sai ka mayar da ita cikin kwali. Ga shi kuma da safe jini yake hawa a jikin kowa, shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya sun fi aukuwa tsakanin ƙarfe 6 na safe zuwa 12 na rana. Lokacin da jikinka ya fi buƙatar kariya, a nan ake zuga ka ka jefar da ita.

Mutane da yawa ba su san cewa fili a gidan rediyo saye ake yi ba. Mai kaya ya biya kuɗin minti goma sha biyar ko talatin, ya shigo ya faɗi abin da ya ga dama. Wani lokaci ma mai gabatarwar da kuka saba da shi, wanda kuka yarda da labaransa, shi ake ba takardar ya karanta, sai amanar da kuka ba shi ta koma kan gorar. Ku kasa kunne a farkon shirin ko a ƙarshensa, za ku ji an ce "wane ne ya ɗauki nauyin kawo muku", ko a ce ra'ayin da ke ciki ba na tashar ba ne. Da sauri ake faɗa, amma ma'anarsa a fili take: tashar ta sayar da lokaci, ba ta gwada maganin ba. Gidan rediyo ba shi da ɗakin gwaje-gwaje. Masu bugo waya suna godiya kuwa, ba ka san su ba, ba ka ga katin asibitinsu ba, ba ka san awonsu kafin su sha da bayan sun sha ba. Wanda ya sha ya kwanta a gadon wankin ƙoda ba ya bugo waya.

Mai tallan da ya kamata ka kauce wa ba ya ɓuya. Gora ɗaya ce take maganin suga, hawan jini, ciwon ƙoda, rashin haihuwa, ciwon daji da raunin mazakuta gaba ɗaya. Yana cewa sha yanzu magani yanzu. Yana yanka kwanaki, ya ce cikin bakwai ko ashirin da ɗaya an rabu da cutar har abada. Yana yawan rantsuwa. Yana karanto alamomin da kowa yake ji wani lokaci, kasala, ciwon kai, ciwon baya, kumburin ciki, don duk wanda ke saurare ya ce ai da ni ake. Ba ya cewa ka je a gwada ka. Mafi muni, yana zagin maganin asibiti, ya ce danne cuta kawai yake yi. Da zarar ka ji wannan ta ƙarshen, murɗa akwatin. Kada ka tsaya jin yadda zai ƙare.

Bari mu yi maganar "dannewa" ɗin, tunda da ita ake kama mutane. Gaskiya ne, yawancin masu hawan jini da masu ciwon suga za su ci gaba da shan magani tsawon rai. Ba mu taɓa ɓoye wannan ba. Amma riƙe awon a inda ya dace shi ne yake tsare ido, ƙoda, zuciya da ƙwaƙwalwa, har mutum ya yi shekaru yana harkokinsa. Lafiyar da kake ji yau, Baba, aikin ƙwayar nan ce da kake raina wa. Hawan jini kuma ba ya sallama. Awo zai iya wuce 140 bisa 90, wato inda hawan jini yake farawa, nesa ba kusa ba, mutum yana yawonsa garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum biliyan ɗaya ke ɗauke da shi, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba. To ta yaya "ina jin daɗin jikina" zai zama shaidar warkewa? Na'urar awo ce kaɗai take faɗa. Haka suga: in an gwada da safe kafin a ci komai aka ga 126 ko sama, a wani ma'aunin 7, akwai magana, ko kana jin ƙarfi ko ba ka ji.

Abin da ke biyo bayan ajiye magani ba ɓoyayye ba ne. Mai hawan jini, awon yakan koma sama cikin kwanaki ko 'yan makonni, wasu magungunan ma in an yanke su farat ɗaya sai jinin ya yi tsalle ya wuce inda yake da. Mai ciwon suga irin wanda ya dogara da allurar insulin, musamman yaro, kwana ɗaya ko biyu ba allura sun isa su jefa shi cikin amai, numfashi sama-sama da suma. Mai farfaɗiya da ya yanke magani zai iya faɗuwa ya yi ta jijjiga ba tsayawa, alhali kusan 70 cikin 100 na masu wannan ciwo za su iya zama ba faɗuwa in sun riƙe magani. Maganin tarin fuka wata 6 ne cif. Wanda ya tsaya a hanya don tari ya lafa, cutar takan dawo, wani lokaci ta dawo ba ta jin maganin farko, kuma iyalinsa zai shafa wa. Mai shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, in ya bari, ƙwayar cutar takan sake yawa a jini cikin makonni. Duk wannan saboda shirin minti talatin.

Wani zai ce, to ai na sha na ji sauƙi. Wannan sauƙin shi ya fi ba mu tsoro. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe daban-daban sun sha gwada irin waɗannan haɗe-haɗen da ake cewa tsantsar itatuwa ne, su tarar an zuba maganin asibiti a ciki a ɓoye, ba awo ba ƙa'ida. A na ciwon gaɓoɓi akan sami deksametason ko diklofenak. Na farkon yana kwantar da ciwo nan da nan, ya buɗe cin abinci, mutum ya yi ƙiba ya ɗauka lafiya ce, alhali fuska ce take kumbura, suga da jini suna hawa, ƙashi yana laushi. Na biyun yana cin ciki har ya yi jini, yana kuma taɓa ƙoda. A na ƙarfin maza akan sami sildenafil, wanda in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yake faɗar da jini warwas. A shekarar 2008 a Singafo, mutum 150 da ba su da ciwon suga aka kwantar a asibiti saboda sugansu ya faɗi ƙasa sosai, bayan sun sha magungunan ƙarfin maza da aka cakuɗa da maganin suga mai ƙarfi. Huɗu daga cikinsu sun rasu. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da ɗari ƙodarsu ta lalace bayan shan haɗin rage ƙiba da wani tsiro mai guba ya shiga ciki. Saboda haka maganar "na itace ne, ba ya illa" a bar ta.

Ba tsirrai muke rainawa ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi dogara da shi yau daga wani tsiro aka samo shi a ƙasar Sin. Amma sai da aka tace shi, aka gwada, aka san adadin da yake warkarwa da wanda yake cutarwa. Gorar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ba wanda ya san ko ɗaya daga cikin wannan, har shi mai sayarwar. In ma ya karanto lambar rajista, lambar ba ta nufin an tabbatar yana warkar da duk abin da ya lissafa. Ƙasashe da dama sun hana irin wannan talla da doka: Ingila ta hana tallan maganin ciwon daji ga jama'a tun 1939, Indiya ta yi dokar hana tallan magungunan siddabaru a 1954.

Ku kuma 'ya'ya, da ku nake. Sau da yawa ba tsohon ne yake saye ba. Ɗa ne ko 'ya, cikin tausayi, ya ji talla a mota kan hanyar aiki, ya rubuta lamba, ya aika wa Mama. Ita kuma ba za ta ƙi abin da ɗanta ya kashe kuɗi ya sayo ba, sai ta ture na asibiti gefe. Niyyarka mai kyau ce, amma ka tambayi wa kafin ka aika? Kuɗin nan da ka ba mai talla, da na'urar awon jini ka saya mata, ko ka biya mata maganin wata biyu, da ya fi.

Mun san akwai gajiya. Haɗiyar ƙwaya kullum ba daɗi, layin asibiti da tsawo, aljihu yakan gaza, wani maganin yana sa tari ko kumburin ƙafa ko yawan fitsari, wani yana taɓa kwanciyar aure har mutum ya ji nauyin faɗa. Ku faɗa mana. Magungunan hawan jini iri-iri ne, ana canja wani da wani, ana samun mai sauƙin kuɗi da yake aiki daidai da mai tsada. Abin da ba za mu iya gyarawa ba shi ne wanda aka ɓoye mana sai da ɓarin jiki ya tafi.

Me za a saurara ke nan? Labarai, hasashen yanayi, shirin noma, shirin ilimi, duk abin da zai amfane ka a wunin. In shirin lafiya ne, ka auna shi: baƙon ya faɗi sunansa da aikinsa da inda yake aiki, ba ya sayar da komai, ba ya ba da lambar sayen kaya, in aka bugo da tambaya yakan ce sai an duba ka kafin a san abin da ke damunka, kuma ba ya jin kunyar cewa wannan ciwon ba a raba mutum da shi, lallaɓa shi ake. Irin wannan ka riƙe ranarsa da lokacinsa, ka tara iyali su ji.

A taƙaice:

- Sha maganinka tukuna, sannan ka kunna rediyo.
- Ka zaɓi tasha da shiri tun da dare, kada ka bar akwatin a duk inda ya tsaya.
- An fara tallan magani mai warkar da komai, canja tasha ko ka kashe.
- Ka ji abin da ya ja hankalinka, rubuta sunansa ka kawo wa likita ko mai harhaɗa magunguna kafin ka saya.
- Kada ka rage, kada ka daina, kada ka haɗa da wani sai da sanin wanda ya rubuta maka.
- Tsofaffin gida da ke wuni da rediyo, a riƙa leƙa kwalin maganinsu ana ƙirga ƙwayoyin.

Wanda ya riga ya ajiye nasa, ya dawo a wannan makon, ba sai ranar kati ba, kuma kada ya ninka ƙwaya don rama kwanakin da suka wuce. Ya zo da gorar ko ƙullin da yake sha, ba za a kore shi ba. In ya yi makonni yana sha har fuska ta fara cika, kada ya yanke shi da kansa rana ɗaya, domin in akwai deksametason a ciki, a hankali ake janye shi. In mutum ya sha irin wannan haɗin ya kama gumi, karkarwa da ruɗewa, kuma yana iya haɗiya, a jiƙa sukari ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa a ba shi, a wuce asibiti. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, a tafi asibiti nan take, domin allurar narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta.