Zinaren Olamfik Ba Ya Ba Ɗan Dambe Kambun Duniya

An daɗe ana ɗauka cewa duk wanda ya ci lambar zinare a damben boksin na Olamfik, hanyarsa ta buɗe a damben ƙwararru. Ba haka abin yake ba, kuma wannan zato ya sa ana raina samari masu hazaƙa.

Dubi Audley Harrison na Ingila. Ya ci zinare a Sidni a 2000, amma bai taɓa riƙe wani babban kambun duniya ba. David Haye, mai riƙe da kambun duniya a lokacin, ya gama da shi a turmi na uku a 2010. Shi kuwa Mike Tyson ko gurbin Olamfik na 1984 bai samu ba, domin Henry Tillman, wanda ya je ya ci zinaren shekarar, ya doke shi sau biyu a wasannin neman gurbin. Da suka haɗu a damben ƙwararru a 1990, turmin farko Tillman ya sha ƙasa.

Dalili? A Olamfik turmi uku ne, sauri da tara maki ke aiki. Damben kambu kuwa turmi 12 ne, sai mai numfashi da juriyar shan naushin ciki.

Gogewar Olamfik tana da amfani, ba musu: Lomachenko, ɗan Yukren da ya ci zinaren Olamfik sau biyu, ya ɗauki kambu a wasansa na uku na ƙwararru.