Aktion Mensch

Aktion Mensch ƙungiyar agaji ce ta ƙasar Jamus, mai hedikwata a birnin Bon, wadda ke tara kuɗi ta hanyar sayar da tikitin ƙuri'ar cin kyauta, tana kashe su a kan ayyukan da suka shafi masu naƙasa da yara da matasa. Ita ce mafi girma a cikin ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke ɗaukar nauyin ayyukan jin ƙai a ƙasar. Daga kafa ta a 1964 zuwa yau ta raba sama da Yuro biliyan biyar. Mambobinta su ne gidan talabijin na ZDF da manyan ƙungiyoyin jin ƙai shida, ciki har da Caritas ta Katolika, da Diakonie ta Furotesta, da ta al'ummar Yahudawa.

Asali

Tsakanin 1957 da 1961 an sayar da wani maganin barci mai suna Contergan a Jamus ta Yamma, mata masu juna biyu suka yi ta sha. Aka haifi jarirai kusan dubu biyar da gajerun hannuwa ko ƙafafu, wasu babu su ɗungurungum. Kafin wannan, iyalai da yawa ɓoye ɗansu mai naƙasa suke yi a ɗaki, a ƙasar da gwamnatin Nazi ta hallaka marasa lafiya da masu naƙasa sama da dubu 70 tsakanin 1940 da 1941. Hans Mohl, ɗan jarida mai shirin kiwon lafiya a ZDF, shi ne ya kawo shawarar a yi amfani da talabijin a nema wa yaran taimako. Aka sa wa yunƙurin suna Aktion Sorgenkind, wato yunƙuri saboda yaron da ya zame wa iyayensa abin damuwa.

An fara ne a watan Oktoban 1964 cikin wani shirin kacici-kacici da Peter Frankenfeld ke gabatarwa. Masu kallo sukan aika amsa a katin gidan waya mai ɗauke da kan sarki na agaji. Daga baya shirin wani mai gabatarwa, Wim Thoelke, ya gaje shi, ya shafe shekaru yana tara iyalai a gaban akwatin talabijin. Wanda ya sayi tikiti yana iya cin kuɗi ko gida, wani kaso na cinikin kuma ya tafi asusun ayyuka. Caca ce dai, ko da ta halatta a dokar Jamus, kuma kwaɗayin ci na cikin abin da ke jawo mata jama'a.

Rigimar suna

Yaran 1964 sun girma, sunan bai girma tare da su ba. Mutum mai shekara talatin, mai lalurar Down ko jinkirin fahimta, yana tashi da asuba ya tafi aiki, amma duk mako talabijin na kiran sa yaro abin damuwa. Hotunan da ake nunawa don a taɓa zuciyar masu bayarwa su ma na ban tausayi ne. Kuɗi na shigowa, martabar waɗanda ake tarawa dominsu na zubewa.

A 1981, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa naƙasassu, masu fafutuka a Jamus suka ƙi shiga bikin. Da gangan suka kira kansu guragu, suka yi zaman tuhuma a birnin Dotmund kan yadda ake tsare mutane a gidajen kulawa. Ɗaya daga cikinsu, Franz Christoph, har ya kai wa shugaban ƙasa Karl Carstens duka da sandar dogarawarsa. A 1994 aka ƙara jimla ɗaya a sashe na 3 na kundin tsarin mulki, cewa ba za a tauye kowa saboda naƙasarsa ba. Ranar 1 ga Maris 2000 ƙungiyar ta sauya suna zuwa Aktion Mensch. Kalmar Mensch tana nufin ɗan Adam.

Inda kuɗin ke tafiya

Ƙungiyar ba ta miƙa wa mutum kuɗi a hannu. Ƙungiyoyin da ba na neman riba ba ne ke rubuto buƙata, kwamiti ya duba, kuma ta ce takan tallafa wa ayyuka har dubu a wata. Ga manya masu naƙasar ƙwaƙwalwa, babban abin shi ne muhalli: ƙananan gidaje a cikin unguwa inda mutum huɗu ko biyar ke zaune, kowa da ɗakinsa da makullinsa, ma'aikaci yana leƙowa ya taimaka da cefane ko lissafin kuɗi. Wannan shi ne abin da sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ya tanada, cewa mutum ya zaɓi inda zai zauna da wanda zai zauna da shi. Yarjejeniyar ta fara aiki a Jamus a 2009. Akwai kuma motoci masu ɗaukar keken guragu, da rubuta takardun hukuma cikin sassauƙan Jamusanci mai gajerun jimloli, da tallafin gangamin 5 ga Mayu na neman daidaito. Da yawa daga cikin masu neman tallafin rassan Lebenshilfe ne, ƙungiyar iyayen masu naƙasar ƙwaƙwalwa da aka kafa a Marbug a 1958.

Batun aiki ne ya fi wuya. Ana ba da jari ga otal-otal da gidajen abinci da wuraren wanki da ke ɗaukar masu naƙasa da marasa naƙasa a kan albashi na sosai. Amma kimanin mutum dubu 300 har yanzu suna keɓaɓɓun masana'antu na naƙasassu, inda abin da ake biyan su bai ko kusanci mafi ƙarancin albashi ba, kuma kaɗan ne ke fita zuwa kasuwar aiki. Wasu daga cikin masana'antun nan mallakar ƙungiyoyin da ke cikin Aktion Mensch ne. Masu suka sun daɗe suna nuna wannan, suna kuma tambayar dalilin da zai sa makullin ɗakin baligi ya dogara da yawan tikitin da aka sayar, alhali doka ta ɗora wa gwamnati nauyinsa.