Jazz da bossa nova a tsohon talabijin: me ake kallo a ciki?

Wane irin kiɗa ne wannan?

Jazz kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, ya taso daga New Orleans a farkon ƙarni na 20. Ana fara waƙar tare, sai a bai wa kowane makaɗi fili ya ƙirƙiro nasa nan take. Bossa nova kuwa 'yar Burazil ce, daga kiɗan samba ta fito a birnin Rio de Janeiro. Faifan João Gilberto na 1958 ne ya buɗe mata ƙofa: jita ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa. Lokacin ne kuma talabijin ke shiga gidajen mutane, shi ya sa muka samu hotunansu.

Ga faifai mai sauti tangaran, me zai kai ni ga hoto baƙi da fari mai hazo?

Faifai ba ya nuna maka fuskar wanda ya yi shiru yana sauraro, kuma a wurina nan ne daɗin yake. Ranar 8 ga Disamba 1957 tashar CBS ta watsa The Sound of Jazz kai tsaye daga New York. Babu ƙyale-ƙyale: makaɗa da hulunansu, hayaƙin taba na tashi, har kyamarori kana hangowa. Billie Holiday na zaune kan doguwar kujera tana rera "Fine and Mellow", mabusa sun kewaye ta. Ben Webster ya busa nasa. Sai Lester Young, tsohon amininta da suka daɗe ba sa ga-maciji, ya miƙe da saksofon ɗinsa, jiki duk ya saki. Busar gajeriya ce ƙwarai. Mai kyamara bai tsaya kansa ba, ya koma kan Billie: tana gyaɗa kai a hankali, ido a kansa, murmushi na neman ƙwace mata. Lester ya rasu a Maris 1959, ita kuma a Yuli, wata huɗu tsakani. Na kalli wurin nan ya fi a ƙirga, har yau ban iya wuce shi da sauri.

To bossa nova fa, da ba ta da hayaniya?

Ita ma kamar don kyamara aka yi ta. Waƙar da ake yi da raɗa tana ɓacewa a babban zaure, amma makirufo da kyamarar da ta matso kusa suna kama ta duka. A shirin mawaƙin Amurka Frank Sinatra na tashar NBC a 1967, shi da Antônio Carlos Jobim, gwanin tsara waƙoƙin bossa nova, suna zaune gefe da gefe, Sinatra da taba a hannu ya sassauta murya ƙwarai. Jobim na riƙe da jita, alhali shi asalinsa mai piyano ne. Na fi son na 1974, inda Jobim da mawaƙiyar Burazil Elis Regina ke jifan juna da kalmomin "Águas de Março" a situdiyo a Los Angeles, ɗaya ya ajiye ɗaya ya ɗauka, har dariya ta ƙwace wa Elis kusa da ƙarshe, aka bar ta a ciki. Ko ba ka jin harshen Fotigal za ka gane wasan.

Me ya sa hotunan suka dusashe, wasu ma babu su?

Kafin kamfanin Ampex ya fito da na'urar ɗaukar bidiyo a 1956, hanyar adana shirin kai tsaye ita ce a kafa kyamarar fim a gaban allon talabijin. Hoton hoto ke nan, dole ya yi hazo. Da tef ɗin ya zo kuma tsada gare shi, sai tashoshi suka riƙa gogewa suna ɗora sabon shiri a kai. O Fino da Bossa, wanda Elis Regina da Jair Rodrigues suka fara gabatarwa a TV Record ta São Paulo a 1965, yawancin abin da ya rage daga gare shi sauti ne, ga kuma gobara da ta sha cin tashar.

Ina zan fara?

Bayan na Billie, nemi Jazz 625 na BBC, 1964 zuwa 1966. Sunan daga layuka 625 na sabon tsarin hoto ya samo asali, wanda ya gaji mai 405, don haka hotonsa ya fi fita. Sai mabusan jazz Miles Davis da John Coltrane a CBS a 1959. Ka sa abin ji a kunne, domin lasifikar waya tana cinye sautin babban gogen nan mai kauri da ake kaɗawa a tsaye, shi ne kuwa ke riƙe da kiɗan. Kallo na farko bi mai busa, na biyu bi waɗanda ke bayansa suna jiran nasu.